Hannun Hagu a Silin Hajiya Tabawa

Sati uku Iklima ta yi kwance rigingine kan dandamalin katako, fenti na ɗiga mata a goshi. Kullum da safe sai ta hau gbaka, ƙaramar motar haya, daga Adjamé zuwa Treichville, inda Hajiya Tabawa mai atamfa ta gina zauren biki. Hajiya ta ga silin wata fadar sarakunan Turai a waya, ta ce irinsa take so. Maza uku sun ƙi aikin, Iklima ta karɓa. Shi ne aikinta na farko tun da ta gama makarantar zane.

A tsakiyar gajimare ta zana mace, alamar tanadin Ubangiji, kamar yadda masu zanen sarakuna ke yi a da. Taurari sun kewaye kanta, ƙudan zuma na shawagi gefenta, tana zubo hatsi daga ƙaho.

Ranar Litinin Hajiya ta shigo, ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo.

"'Yata, wannan baiwar Allah da wane hannu take ba mu?"

Iklima ta sake duba silin. A ƙasa ta yi zanen kan babbar takarda, da ta kifa ta jikin silin sai komai ya juye. Ƙahon yana hannun hagu.

"Tanti, alama ce kawai. A Turai ba wanda zai kula."

"To a Turai za a ɗaura auren? Amarya ta ɗaga kai ta ga ana miƙo mata arziki da hagu, kamar ana jefa wa kare ƙashi? Ran Juma'a Lukumanu mai fenti zai zo ya shafe shi da farin fenti."

Iklima ta buɗe baki da Faransanci cike da hujja, sai ta tuna yadda kakarta ke buge mata hannu in ta miƙa ko da cokali da hagu. Ta haɗiye maganar.

"Kada Lukumanu ya taɓa min sama. Ki ba ni zuwa Alhamis."

Ta kankare hannuwan zanen biyu har kafaɗa. Wuyanta ya sage, ba ta iya waiwaye sai ta juya jiki duka. 'Yan gbaka suka riƙa tsokanarta, wai yau ma ga mai kallon jirgi. Ta mai da ƙahon hannun dama, hatsin kuma ta mai da shi shinkafa. Hannun hagu ta ba shi gefen mayafi ya riƙe.

Ranar Alhamis Hajiya ta zagaya zauren sau biyu, kai a sama.

"Yanzu ta yi tarbiyya. Amma hannun daman nan ya fi ɗayan kauri."

"Shi ke aiki, Tanti."

Hajiya ta yi dariya, ta ciro waya ta ce wa Lukumanu ya yi zamansa. Iklima ta sake hawa dandamalin, ta rubuta sunanta ƙarƙashin gajimare, da manyan baƙaƙen da ake iya karantawa daga bakin ƙofa.