Ranar da Aka Ce wa Jaji Simat

Jaji manomin albasa ne a wani ƙauye tsakanin Bunkure da Kura, bazawari mai ƙaton ciki da siririyar murya. Ba a taɓa kama shi da satar akuya ko kaza ba, amma ruwa kam, in dai yana gudu a magudana, gani yake nasa ne. Gonarsa ce a sama, ta Malam Amiru a ƙasa, magudana ɗaya suke sha daga babban kanal. Duk ranar da layi ya zo kan Malam Amiru, sai Jaji ya ɗauko buhunan yashi ya toshe, ruwa ya karkata cikin albasarsa. In tsohon ya yi ƙorafi, Jaji ya riƙe haɓa ya ce ai bana ruwan ne ba shi da ƙarfi.

Wata safiya yana tsugune cikin laka, wando naɗe har cinya, yana danna buhu, sai ga adaidaita sahu ta tsaya a kan hanya. Saliha ce a ciki, 'yar Malam Amiru, wadda ke aiki a asibitin sha-ka-tafi a Kura. Ta dubi buhunan, ta dubi gonar babanta da ta fara tsagewa, sannan ta yi murmushi.

"Malam Jaji, lallai kai simat ne," ta ce, ta taɓa kafaɗar direba suka wuce.

Jaji bai san Turanci ba, amma ya san murmushi. Bai ko wanke ƙafa ba ya nufi gidan ƙanwarsa Raliya, malamar firamare.

"Simat? Mai kaifin ƙwaƙwalwa ke nan, Yaya," in ji Raliya tana tankaɗe. "Wa aka gaya wa?"

"Ni."

Ta ajiye rariya ta kalle shi sama da ƙasa. "To, ƙila akwai wata ma'anar."

Wannan magana ta ɓata masa rai, don haka ya kai kalmar shagon Mudassiru tela. Mudassiru ya ce Raliya ta tsaya a karatun 'yan aji uku. Simat shi ne ɗan gayu, wanda in ya saka kaya sai an juyo an kalle shi. Ya ƙara da cewa idan mace ta ga mutum cikin laka har gwiwa ta ce masa simat, to ta hango yadda zai fito ne in ya samu tela na ƙwarai. Yana magana yana zaro tef daga wuyansa.

Jaji ya haɗa fassarar biyu ya ga ba su saɓa ba: ga ƙwaƙwalwa, ga gayu. Abin da ya rage kawai ya je ya ji sauran zancen daga bakin mai shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya fito cikin farar shadda mai ƙara kamar takarda, da hula da ya kafa a gefe, da turaren da ya sa kajin gidansa atishawa. Ya hau babur zai je wurin Saliha a Kura. Maimakon ya bi titi kamar kowa, sai ya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa ba ya zagaye, ya yanke ta hanyar da ta bi gefen gonarsa. Ya manta cewa tun da safe bai cire buhunan ba. Ruwa ya cika albasar, ya tumbatsa, ya jiƙa hanyar har ta zama kunu. Tayar gaba ta nutse, ta baya ta ɗaga, Jaji ya tashi sama ya sauka da mazaunai a kan simintin magudana, ya zame ya faɗa ciki.

Matan da ke tsinkar tumatir a gonar maƙwabta ne suka zaro shi. Wandon ya yage daga baya, fata ta saɓule faɗin tafin hannu a wurin da mutum ba ya so a gani. Aka kwantar da shi ruf da ciki a bayan adaidaita, a kan kwandunan tumatir, aka kai shi Kura. Yana roƙon direba ya kai shi ko'ina ban da sha-ka-tafi, direba ya ce shi kaɗai ne a kan hanyarsa.

Saliha ce ke bakin aiki. Ba ta yi dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ta sa safar hannu, ta jiƙa auduga da sifirit, ta ce ya riƙe ƙarfen gado. Da audugar ta taɓa wurin, Jaji ya kira sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa, ya kira na kakarsa.

"Yi haƙuri, Malam Jaji," ta ce. "Ka san wannan raɗaɗin ma Turawa simat suke ce masa?"

"Wane irin yare ne wannan?" ya ce cikin matashi. "Raliya ta ce ƙwaƙwalwa, tela ya ce gayu, ke kin ce zogi. Ke ranar nan wanne kika nufa?"

"Ba ko ɗaya. Akwai wanda ake gaya wa mai wayon banza, wanda yake cutar mutane yana zaton ba a gani. Shi na nufa." Ta sake jiƙa auduga. "Baba ya rasa rabin tumatirinsa. Kwanta sosai, saura gefe ɗaya."

Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya gode Allah da fuskarsa ke cikin matashi. Da ya koma gida ya aika aka kwashe buhunan. Washegari ya ɗingisa har zauren Malam Amiru ya ba da haƙuri a tsaye, tunda zama ya gagara. Tsohon ya yi ta cewa ya zauna mana, ga tabarma, kuma Jaji bai gane ko karamci ne ko ramuwa ba.

Duk da haka bai fid da rai da Saliha ba. Ya riƙa zuwa wankin ciwo kullum, har bayan ciwon ya fara bushewa, yana cewa daga ciki yake jin sa. Saliha ta haƙura kwana kaɗan, sannan ta miƙa shi ga Baba Bulus, tsohon ma'aikacin asibitin, wanda hannunsa ya fi dacewa da gyaran injin casar shinkafa. Wanki ɗaya Baba Bulus ya yi masa, Jaji ya sanar cewa ya warke sarai.

Da kakar rani ta zagayo, manoman layinsu suka zauna zaɓen wanda zai kula da rabon ruwa. Malam Amiru ne ya kawo sunan Jaji, ya ce ba wata dabarar karkatar da ruwa da za a yi masa bai gane ba. Aka yi dariya aka amince. Jaji ya karɓi aikin da zafinsa, yana bin magudana da sanda, yana zaro buhunan mutane yana yi musu wa'azi a kan haƙƙin maƙwabci. Mutumin farko da ya kama surukinsa ne, mijin Raliya, kuma har yau Raliya ba ta aika masa da tuwon sallah.