Simintin da Auta Ya Zuba

Da rani Auta ya zo gida hutu. Ya tuna yadda mahaifiyarsa ke zamewa a caɓi duk damina, sai ya kira magina suka malale tsakar gidan da siminti, tun daga bakin ƙofa har turken awaki. Bai shawarci kowa ba. Da daɓen ya bushe ya koma bakin aikinsa.

Ubansa, wanda ake kira Direba tun zamanin da yake jan babbar mota, bai ce an gode ba. Dama ba ya faɗa. Amma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ja shi ciki, ya buga sanda a ƙasa, ya ce, "Ji nan. Aikin ɗana ne."

Gidan maƙwabcinsa Tela na ƙasa da nasa, siririn lungu ne tsakaninsu. Rijiyar Tela na jikin katanga ta wajen lungun, kuma ita gidajen biyu ke sha. Matar Direba na fama da gwiwa, don haka surukar Tela ce ke shigo mata da ruwa kowace safiya. Tsofaffin biyu kuwa benci ɗaya suke zama da la'asar, suna tsokanar juna.

"Ka tsufa a kan kwalta, yanzu ka shigo da ita gida," in ji Tela. "Saura ka kafa danja a ƙofar banɗaki."

"Hassada ce ke cin ka. Kai ko tsumma ba a shimfiɗa maka ba."

Damina ta sauka. A da ƙasar tsakar gidan kan shanye mafi yawan ruwan, ɗan ragowar ya bi rariya a hankali. Yanzu babu inda zai shiga. Duk abin da rufin ɗakuna ya zubo sai ya taru a kan simintin, ya kwashi kashin awaki da ruwan wanke-wanke, ya fita ta rariya da ƙarfi, ya tsallake lungu ya kwanta a gindin katangar Tela.

Bayan ruwa na uku ko na huɗu Tela ya zo benci da kofi a hannu.

"Sha."

Direba ya kai hanci, ya kawar da kai.

"Awakinka ne," in ji Tela.

"Awakina ba su taɓa shiga gidanka ba."

"Su ba su shiga ba. Saƙonsu ya shiga."

Jikokin Tela suka kwanta da gudawa. Dubagari ya zo, ya leƙa rijiyar, ya bi sawun ruwa har bakin rariyar Direba. Ya sa aka rufe rijiyar. Ya yi wa Direba bayani cikin ladabi.

"Baba, ko an yashe ta aikin banza ne, muddin ruwan nan na zuwa. Lungu ba zai ɗauke na kowa ba, sai kowane gida ya riƙe abin da zai iya. A fasa simintin nan wajen rariya, a haƙa rami a cika shi da duwatsu. Awakin kuma a matsar da su nesa."

"Ɗana ne ya zuba," in ji Direba. "Guduma ba za ta taɓa shi ba."

Ya nemi wata dabara. Ya jera durom a ƙarƙashin indararo, suka cika suka tumbatsa tun ruwa bai yi nisa ba. Ya toshe rariya da buhun yashi, ruwa ya haura dokin ƙofa ya jiƙa masa katifa, matarsa ta janye buhun.

Tela ya daina zuwa benci. In sun haɗu ya yi sallama ya wuce. Direba ya ci gaba da zama shi kaɗai, sandarsa tsakanin gwiwoyi.

Ruwan sha dai bai yanke a gidansa ba, shi kuma bai tambayi daga ina yake ba. Wata safiya ya ɗebo a randa, ya ga ruwan garau, sai ya tsaya.

"Ke, an buɗe rijiyar ne?"

"Wa zai buɗe ta? Daga famfon kasuwa ake ɗaukowa."

"Wa ke ɗaukowa?"

"Wadda ta saba. Surukar Tela, da tsohon cikinta."

"Wa ya sa ta?"

"Tela. Na ce ta bari, ya ce rigimarsa da kai ce, ba da ni ba."

Direba ya ajiye kofin. Ya fita ƙofar gida ya tsaya. Can sai ga yarinyar tana hawo tudun da bokiti a ka, hannu ɗaya a ƙugu, tana tafiya tana hutawa. Da ta iso ta rage murya ta ce, "Ina kwana, Baba," ta shige gidan nasa. Ya amsa, bai san ko ta ji ba.

Ya je wurin magini ya aro guduma da diga da shebur. Matarsa ta gan shi ya shigo da su.

"Ka bari a gaya wa yaron tukuna. Ransa zai ɓaci."

"Kira min shi."

Ta danna wayar ta miƙa masa.

"Auta, zan fasa simintinka."

"Subhanallahi! Ya tsage ne, Baba? Magina sun cuce mu?"

"Lafiyarsa ƙalau. Aiki ne mai kyau."

"To me ya yi?"

"Ya ɓata rijiyar mutane."

"Baba, don Inna na yi shi. Ku bari in zo a san yadda za a yi."

"Damina ba za ta jira ka ba. Hanyar uwarka zuwa madafa tana nan, ba zan taɓa ta ba."

Direba ya miƙa wa matarsa wayar, ya tuɓe riga.

Bugun farko gudumar ta yi tsalle, simintin ko gezau. Ya sake bugawa. Sai da kafaɗarsa ta fara zafi sannan ya ga tsaga. Kafin azahar ya ɓare kusurwar da ke wajen rariya, baƙar ƙasa ta bayyana, ya soma haƙa. Ya mayar da turken awaki bayan ɗaki, inda magina ba su kai ba.

Ƙarar ce ta fito da Tela. Ya tsaya a bakin ƙofa, tef ɗin awo rataye a wuya, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ramin ko kaza ba zai nutsar ba."

"Kallo ka zo ko aiki?"

"Ka taɓa ganin tela da shebur?"

"Yau zan gani."

Tela ya naɗe hannun riga ya karɓa. Suka haƙa, suna hutawa fiye da yadda suke haƙawa. Ɓaraguzan simintin da Direba ya fasa su suka fara zubawa a ramin, suka ƙara da duwatsu.

Ruwan da ya biyo baya ya gangara ramin ya nutse, abin da ya fita lungu bai kai gindin katanga ba. Dubagari ya dawo ya duba, ya ce a yashe rijiyar. Aka yashe, aka zuba magani, aka buɗe.

Auta bai sake kira ba sai da damina ta yi nisa. Da ya kira ma, mahaifiyarsa ya nema. Direba na zaune kusa yana jin muryarsa. Bai miƙa hannu ya karɓi wayar ba.