Motar Wilf Mai Kujera Ɗaya

Motar da gwamnati ta ba mijina Wilf ƙafa uku gare ta, kujera ɗaya, kuma shuɗiya ce, irin shuɗin bangon asibiti. Duk guragun ƙasar nan irinta aka ba su, don kada wani ya ji ya fi wani. Babu sitiyari, sai wani ƙarfe kamar hannun babur. In iska ta taso a kan tudu, kai da motar sai kun yi shawarar inda za ku. A gaban direba an manna ɗan faifai da rubutu: an haramta ɗaukar fasinja. Wanda aka kama, a karɓe motar, dama aro ce.

Tun da ramin kwal ya rufto wa Wilf a baya, motar nan ce ƙafarsa. Da ita yake zuwa masana'antar safar hannu can bayan gari. Ba mota, ba aiki, kowa a gidanmu ya san wannan.

Mutanen ofis dai ba su taɓa tunanin gurgu yana da mata ba. Gefen kujerar akwai ɗan fili da ake ajiye keken guragu in an naɗe shi. Nan ne wurina. Sai mu bar keken a gida, in kwanta a dunƙule, gwiwa a haɓa, ya lulluɓe ni da bargo. Haka na je bikin ƙanwata, haka na je jana'izar mahaifiyarsa. Titunan garinmu ta ramukansu na san su.

Ɗanmu Colin gola ne a ƙungiyar ƙwallon gari, amma na uku, irin wanda aikinsa ɗaukar ruwa. Wata Asabar babbar ƙungiya za ta zo daga Landan wasan kofi, tikiti ya ƙare tun makon jiya. Da safiyar ranar sai ga saƙo: golan farko ya karya yatsa, na biyu ya ci wani nama ya kwana a bayan gida. Colin ne zai kama.

Shuɗayen motoci kuwa ba sa sayen tikiti. Ta ƙofar gefe ake buɗe musu, su jeru a bakin ciyawa bayan raga.

"Ɗauko bargon," in ji Wilf.

"A gaban gari guda? Wilf, kanka ɗaya kuwa?"

"Ba ke za su kalla ba, Enid. In mun shiga ki ɗaga bargon kaɗan ki leƙa."

Mun shiga lafiya. Sai dai ɗan sandan da aka ajiye a bayan ragar, daidai ƙofar da nake kwance, Holroyd ne. Mutumin da ya taɓa kai ƙarar mahaifinsa saboda keke ba fitila. Shi ne kuma ya sa aka karɓe motar maƙwabcinmu Arnold don ya ɗauki jikarsa zuwa makaranta ranar ruwan sama.

Holroyd ya ƙwanƙwasa gilashi, ya kira Wilf da sunan gidansu. "Sugden, yau ba keke? Mene ne a ƙarƙashin bargon?"

"Wanki, yallaɓai."

"Wanki kake kawowa kallon ƙwallo?"

"Matata ta ce ya ɗan sha iska."

Holroyd bai yi dariya ba, ban taɓa jin ya yi ba. Ya jingina da motar, har na ji ta karkata, kuma bai sake motsawa ba.

Leƙe ya tashi ke nan. Abin da nake gani kawai takalman Wilf, ƙasansu sabo ful kamar ranar da aka saye su. Shi kuma yana ba ni labari ƙasa-ƙasa, kamar mai gunaguni shi kaɗai.

"Ya kama. Ya sake kamawa."

Can sai filin ya yi wani irin nishi.

"Wannan bai kama ba."

Wallahi takaici ya ishe ni. Ni na haife shi, ni na yi shekaru ina wanke taɓo daga rigunansa har hannuna ya tsage, yau ga shi duk matan garin suna kallonsa, har waɗanda ba su san ƙwallo zagayayya ba ce, ni ina shaƙar warin fetur. Na ciji bargon na yi kuka kaɗan, yadda motar ba za ta girgiza ba.

Bayan hutu aka sauya raga, Colin ya dawo gabanmu. Ina jin muryarsa yana yi wa 'yan baya tsawa, yaron da a gida ko gishiri ba ya iya cewa a miƙo masa. Ana cikin haka usur ya tashi, filin ya kaure, sannan ya yi tsit.

"Fanareti," in ji Wilf.

A cikin shirun na ji tari. Na san tarin, tun yana goye yake yin sa in ya tsorata.

Sai haske ya buge ni a ido. Wilf ya yaye bargon, ya miƙa hannu ta kaina ya zuge ƙofar.

"Enid, tashi ki ga ɗanki."

"Wilf, Holroyd fa."

"Na gan shi. Tashi."

Na fito da rarrafe. Ƙafafuna sun mutu, babu abin kamawa sai hannun Holroyd, don haka shi na kama. Na ja jiki na matsa gaba. Ga Colin cikin koriyar riga da ta yi masa yawa, kunnuwansa jajur, yana goge hannu a cinya. Mutumin Landan ya taho da gudu. Ɗana ya tashi sama a miƙe, tun daga yatsa har dunduniya, ban san na haifi abu mai kyau haka ba. Hagu ya yi. Ƙwallon ta yi dama.

Holroyd ya jira har aka mayar da ƙwallo tsakiya, sannan ya zare hannunsa daga nawa ya ce, "Barka da yamma, Misis Sugden." Ya zaga ya karanta lambar motar.

Na koma gida a ƙafa, Wilf yana bina a hankali a gefen titi. Ranar Litinin babbar mota ta zo, mutum biyu suka ɗaga tamu suka ɗora, ko nishi ba su yi ba. Aikin safar hannu ya bi ta. Yatsan golan farko ya warke, Colin bai sake kamawa ba, ya koma gyaran famfo.

Da yammacin Litinin ɗin na tarar da Wilf a keke, a bakin taga, yana kallon ɗigon man da ya rage a titi. Raina ya ɓaci, na sauke masa.

"To ka huta. Ka ba da ƙafarka don ƙwallon da ko taɓa ta bai yi ba."

"Ya tashi sosai dai ko?"

"Kai ba ka da ido ne?"

"Ai a gaban gilashina kika tsaya, Enid. Bayan rigarki kawai na gani." Ya juyo da keken. "Zauna ki faɗa min. Kada ki yi sauri."