Fuska a Layin Baya

An ce wanzami ba ya son jarfa. Ni a gidana matar wanzamin ce ba ta so. Na tsufa ina ɗaukar hoton mutane a unguwar Muchia, daga jariran baftisma har gawa, amma matata Clara da ta ga na ɗaga kyamara sai ta ba ni ƙeya.

"Gregory, kai da kake ganina safe da yamma, me za ka yi da takarda?"

Hotunan aurenmu kuwa yoyon kwano ya cinye su tun da jimawa. Da ta rasu sai na laluba na tarar abu ɗaya ya rage mini, hoton Zumuntar Mata da na ɗauka a ƙofar coci ranar godiya. Mata ne jere layi-layi, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. A layin baya akwai wani kai da bai fi ƙwayar dawa ba, ɗaurinsa ya karkace hagu yadda Clara take yi. Negetif ɗin, wato fim ɗin da aka wanko hoton daga ciki, ya ɓace. Na rataye hoton kusa da rediyo, kullum da safe ina gaishe shi, in gaya masa an ɗauke wuta. Bai taɓa yi mini musu ba, abin da Clara ba za ta iya ba.

A 2004 'yarmu Hephzibah ta bugo waya daga Jos. An sa ranar aurenta.

"Baba, ina son hoton Mama babba, in ajiye a kan tebur ranar biki. Kana da shi, ko?"

"Haba! Mai hoto kike tambaya?"

Da na ajiye wayar sai na rufe ido na nemi fuskar Clara. Muryarta ta zo, tafiyarta ta zo, amma hancin ya ƙi zama wuri ɗaya. Washegari na naɗe hoton a jarida na shiga motar Samaru, wajen Oluwole.

Oluwole tsohon abokina ne, haifaffen Sabon Gari. Shi ya bar ɗaukar mutane tuntuni, ya koma ɗaukar ƙwari wa masu binciken gona. Na same shi ya duƙa a kan wata tsutsar wake kamar mai yi mata addu'a.

"Oga Greg! Har yanzu kana cewa mutane su yi murmushi?"

"Kai fa? Tsutsar tana cewa ka gyara mata haske?"

"Ba ta taɓa cewa na baƙanta mata fuska ba."

Na nuna masa ƙwayar dawar. Ya daina dariya. Ya jawo akwati ya fito da wasu zobba baƙaƙe, babu gilashi a cikinsu, fanko ne kawai. Ya ce ana cusa su tsakanin kyamara da idonta. Idon yana nisa da fim, abu yana girma. In zobe ɗaya bai isa ba a ƙara wani. In duka ba su isa ba, ga wani siriri da ake juya idon da shi, gaba ya koma baya.

"Amma ka sani," in ji shi, "duk zoben da ka ƙara, haske zai gudu. Kuma ko numfashi ka yi, hoton ya girgiza. Kafa kyamarar a kan ƙafa uku, ka riƙe numfashinka."

"Gidan babu mai motsi sai ni."

Da hantsi na shimfiɗa hoton a bakin taga, na danne gefensa da cokula. Na sa zoben farko. Layin baya ya matso, kawuna suka zama kamar gyaɗa. Na ƙara na biyu, ɗakin cikin kyamara ya yi duhu kamar hadari ya taso. Na riƙa matsawa gaba kaɗan, baya kaɗan, don wurin da abu yake fitowa tangaran bai kai kaurin farce ba. Ɗankwalin ya fito, har da furen jikinsa. Na ƙara na uku.

Goshi ya fito. Ido ya fito. Sai ga wushirya, faffaɗa, wadda akuya za ta iya bi ta ciki.

Clara ba ta da wushirya.

Na ce ƙura ce. Na goge hoton, na goge idon, na goge nawa idon. Na juya idon kyamarar gaba ya koma baya, wai ko in na ƙara matsawa haƙoran za su haɗe. Fuskar ta watse ta zama ɗigo-ɗigo kamar tsakin masara, babu Clara, babu kowa. Na cire, na koma zobe uku. Wushiryar tana nan tana jirana. Na san ta kuwa. Duk cocinmu mutum ɗaya ce mai ita.

Tunda na riga na sa fim, na danna. Na kai aka wanke, ya fito da ɗan dishi-dishi amma kyakkyawa, abin haushi.

Scholastica tana zaune a unguwar Jushi, tana sayar da kunun zaƙi a ƙofar gida. Ita ce mai jan waƙa a Zumunta. Na miƙa mata hoton, ta riƙe shi nesa da ido, sai ta buga guɗa.

"Baban Hephzibah! Ni ce wannan? Wayyo, lokacin ina da wuya! A ina ka samo ni?"

Na ciro hoton Zumuntar na nuna mata. Na ce, da muryar da ba ta nuna komai, "Maman Hephzibah ce nake nema. Wacce ce ita a nan?"

Ta dube ni, ta dubi hoton.

"Ita za ta tsaya a layi? Kai ma ka san matarka. Ita ta ɗaura mini ɗankwalin nan, ta ce nawa ɗaurin kamar na mai ciwon kai. Da ka ce a shirya sai ta zame ta koma bayanka. Kai kana can ka cusa kai a kyamara kana ta 'a matso, a matso,' ita kuma tana kwaikwayonka. Duba mana. Akwai mai kallonka a cikinmu?"

Na duba. Babu. Duk matan nan idonsu ya ɗan kauce dama, kowacce tana danne dariya. Ni kuwa na ɗauka iya aikina ne ya sa su fara'a.

"Zauna ka sha kunu," ta ce a hankali.

Na ce ina da aiki a shago. Ba ni da shi.

A bakin titi na tsaya wajen masu wayar haya a ƙarƙashin lema na buga wa Hephzibah. Babura suna ta wucewa, sai da na toshe kunne ɗaya.

"Baba, ya fito?"

"Ya fito. Ba ita ba ce."

Ta ce, "To wace ce?"

"Anti Scholastica."

"Ita muke gaisarwa duk shekarun nan?"

"Ita ce. Ba ta amsa ba dai, tana da kunya."

Ta fara dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Na jira ta gama.

"To me zan sa a teburin, Baba?"

Na ce ta sa fure. Na ce zan zo da wuri in zauna kusa da shi, duk wanda ya tambaya in gaya masa doguwa ce, baƙa, ba ta son hoto.