'Yan Dakon Numfashina

Wani mafarki na yi daren jiya, wanda na so in bar wa cikina, amma bakina ba ya riƙe magana.

Ni ne Tanimu mai nutso. Shekara ashirin ke nan, duk komar da ta maƙale a ƙasan dam ɗin garinmu ni nake shiga in kwance ta da numfashi ɗaya. To, wata biyun nan da na nutsa sai ƙirjina ya nemi fashewa, in fito ina ganin duhu. Malamar asibiti ta ja fatar idona, ta ɗebi jini, ta ce jinina ya yi ƙasa. Ta ba ni ƙwayoyi, ta hana ni nutso. Na cusa kwalbar ƙwayoyin cikin tsohuwar hula na koma shan zoɓo, tunda a ganina ja shi ke kawo ja. Ana haka komar Sarkin Ruwa ta sarƙe a kututture, zurfin gaba huɗu ƙasa, na ce masa da safe zan shiga. In ban shiga ba Bawa, abokin hamayyata a nutso, zai shiga, shi kuwa Bawa ba ya yin abu ya yi shiru.

A mafarkin sai ga ni a ƙasan dam da rana tsaka, jikina a bushe. Ruwan sama yana tsirowa daga ƙasa yana tafiya sama, kowa ya kife lemarsa ya taka. Ban yi mamaki ba. Wani kifi karfasa a kan keke ya tsaya ya ce mini ba a nutso a nan sai da izinin Ofishin Numfashi.

Akuya ce ke riƙe da ofishin, da tabarau da gyale, tana cin takardar wanda ya riga ni. Ta sa kofato ta ja fatar idona, ta zura kai ciki har wuya, ta daɗe.

"Fari fat," in ji ta. "Tuwon shinkafa ma ya fi ka jini."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ni ne fa Tanimun da ya yi minti uku a ƙasa ranar da kwalekwalen 'yan kasuwa ya kife. Ta ce ta san wancan Tanimun, shi yana da ma'aikata. Ta jawo durowa muka shiga.

Sai ga mu a wata tasha cikin ƙirjina. Huhu cike yake da iska har tana zuba, amma 'yan dakon da za su kai ta sassan jiki tsofaffi bakwai ne kacal, kowanne da jar hula da ta koɗe da ɗan tulu a kai. Ƙafa ta aiko a kawo mata iska, kai ya aiko, hannun dama ya aiko sau biyu da zagi. Zuciya tana tsaye a kan benci tana dukan ganga da sauri wai su yi hanzari, ba mai kula ta.

Babban tsofaffin ya goge gumi ya ce mini, "Iska ba ta ƙare ba, maigida. Masu ɗauka ne babu."

Na ce ai kullum ina turo musu mataimaka, kofi uku. Ya nuna mini inuwa. Taro guda ne cikin jajayen riguna, suna ƙamshin citta da kanumfari, sun miƙe ƙafa suna tafi. Zoɓona ne. Na tambayi ɗaya me ya hana shi ɗaukar tulu.

"Mu launi muka zo yi," in ji shi.

Sai ga ni gaban kututture, ya yafa komar Sarkin Ruwa kamar babbar riga. Bawa yana zaune a kan gajimare yana yanke farce, yana kallona. Na kama kwance ƙulli. Ina kwance na farko, tsoho ɗaya ya ajiye tulu ya zauna. Na biyu, wani ya zauna. Kafin in kai na bakwai saura babban nasu kaɗai. Ya zo dab da kunnena ya cire hula.

"Tulu ɗaya ya rage. Kanka zan kai wa, ko hannu?"

Na ɗaga ido na ga Bawa. Na ce ya kai wa hannu.

Ya ce to, ya kashe fitila.

Cikin duhu na ji muryar akuya tana tambayar matata Hanne, ko Bawa ya fito da ni tare da komar, ko a yi sawu biyu. Hanne tana kuka. Bawa ya ce a bar shi sawu ɗaya, ai ba ni da nauyi, ba jini. Tsoro ya kama ni ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne har abada za a riƙa cewa Bawa ne ya tsamo Tanimu, kuma ba na nan balle in musa.

Na ji wata ƙara, kacau, kacau, kacau. Na buɗe ido. Gari ya waye, Hanne ce tsaye a kaina da tsohuwar hula a hannu ɗaya, tana girgiza kwalbar ƙwaya da ɗayan. Ta ce Sarkin Ruwa ya aiko, suna bakin dam suna jirana.

Na karɓi kwalbar. Ta miƙo kofin zoɓo, na ce ta ba ni ruwa, waɗannan na ga aikinsu. Na haɗiye ƙwayar, sannan na ce ta aika a ce Bawa ya shiga. Maganar ta fi ƙwayar wuyar haɗiya.