Wanda Ya Haƙa Rijiyar Layinmu

A kan bencin ƙofar shagona muka ƙulla ciniki da yarinyar nan Nafisat, wata Talata bayan la'asar. Ni Tukur shekara arba'in ke nan ina dillancin gidaje da filaye tsakanin Hayin Banki da Unguwar Kanawa, ban saba ba da abu haka kawai ba, ko da labari ne. Ita kuwa 'yar wani ma'aikacin gwamnati ce a Unguwar Rimi, wanda na taɓa sama wa gidan haya. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, tarihi take karantawa, kuma sai ta rubuta kundi kafin a ba ta digiri. Ta zaɓi ta rubuta yadda layinmu ya kafu, wanda ake ce wa Layin Rijiya.

Sharaɗina ɗaya ne. Zan ba ta labari, in haɗa ta da dattawa, ita kuma ta rubuta cewa mahaifina Sambo shi ya sari wurin nan tun yana daji, kuma rijiyar tasa ce. Ta ce in mutum uku sun faɗi haka za ta rubuta, domin malaminta ba ya karɓar shaidar baki ɗaya. Na yi dariya a ciki. Uku kawai? Na ce Allah ya sa albarka.

Ban yi boko mai nisa ba, aji huɗu na tsaya. Amma na san takarda. Na ga yadda fili ke barin hannun mai shi ya koma hannun mai takarda. Abin da aka rubuta aka ajiye a jami'a, jikokina za su iya nuna shi da yatsa bayan ƙasa ta rufe ni.

Ta yi ta zuwa, jakarta cike da takardun da ta kwafo. Wata rana ta iso a gajiye, ta ce kwana huɗu ta yi a gidan adana tsofaffin takardu tana atishawa, ba ta samu ko layi ɗaya a kan unguwarmu ba. Ta ce ƙawayenta masu karatun lauya suna tsokanarta wai ta zaɓi zama da matattu, babanta ma har yau yana tambayarta wane ofis ne ke ɗaukar masu tarihi. Na ce ta bar su, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na ba ta nawa labarin tana ɗauka a waya. Na faɗa mata yadda Sambo ya taso daga ƙasar Katsina, ya kafa bukka, ya sa aka haƙa rijiya, ranar da ruwa ya ɓullo hularsa ta faɗa ciki, ya ce a bar ta, sadaka ce. Da ta tambayi ɗingishin da aka ce yana yi, na ce daga kan doki ya faɗo. Sannan na tura ta wajen Isa tela da Ila tsohon direba, abokan hirata a majalisa. Ban kitsa musu komai ba, wallahi. Ba na bukata.

Bayan mako biyu ta dawo ta zauna, ba ta fito da waya ba. Ta ce dukansu sun faɗi abin da na faɗa, har da hular, har da sadakar, kalma ba ta sauya ba. Na ce to ai shi ke nan, an cika uku. Ta ce abin da ya dame ta ke nan. An koya musu cewa in mutum uku suka ga abu ɗaya, sai sun saɓa a wani wuri. Shi ya sa ta koma ta yi wa kowannensu tambaya ɗaya: wa ya faɗa maka?

"Baba, Malam Isa a Funtuwa aka haife shi, da gemunsa ya zo Kaduna. Ya ce a bakinka ya ji. Malam Ila ma haka. Shaida ɗaya nake da ita, ta sa riga uku."

Na ce shekara talatin ana faɗar magana a majalisa ba wanda ya musa, wannan ba shaida ba ce? Ta ce wa ke sayen shayin majalisar? Ni ne mai saye. 'Yar Unguwar Rimi ce, amma da ta yi dillanci da ta ci abinci.

Sai ta nemi in kai ta wajen tsofaffin mata. Ni tunanina bai taɓa zuwa can ba. A wurinmu tarihi a ƙofar gida yake zama, wajen maza. Na so in zille, amma ciniki ciniki ne, na ce zan haɗa ta da dattawa, ban ce maza kaɗai ba. Na raka ta gidan Iya Salamatu, wadda ta haura casa'in, idonta ya tafi amma kanta garau. Na tsaya a zaure, ana jin komai.

Iya ta ce rijiyar ta Mairo mai fura ce, wata gwauruwa da ta gaji da sayen ruwa, ta tara abin da ta tara ta ɗauko mahaƙa biyu 'yan ci-rani. Ɗayansu Sambo. Ba shi da bukka, a zauren Mairo yake kwana. Nafisat ta tambayi hular. Iya ta ce wace hula, mutumin da ko rigar kirki ba shi da ita?

Na ji kamar in fita. Sai Iya ta ci gaba. Ta ce da suka kai zurfin gaba bakwai, gefen ramin ya rufta da abokin aikinsa. Maza suka taru suna salati, ba mai shiga. Sambo ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ya yi ta tono da hannu har ya fito da shi da rai. Wajen fitowa dutse ya faɗo wa Sambo a ƙafa. Ita Iya tana yarinya, ita ta riƙe ƙwaryar ruwan da aka wanke masa jinin.

Ta ɗaga murya ta ce, "Tukur ɗan Sambo, na ji tarinka a zaure. Ubanka bai taɓa hawa doki ba. Abin da ya yi ya fi doki."

Ina da shekara tara mahaifina ya rasu. Abin da na riƙe kawai mutum ne mai ɗingishi, mai tabo a hannu, wanda yara ke kira mai haƙa. Kunyar wannan ta sa na ɗinka masa hula da doki, na yi ta faɗa har ni ma na yarda. Ban taɓa tambayar kowa ba, don ina tsoron amsar.

A hanya Nafisat ta ce in na so za ta cire sunansa gaba ɗaya, kada in ji kunya a majalisa. Na ce a'a, ta rubuta yadda Iya ta faɗa, amma ta nemo na biyu da na uku, kada ta yi wa Iya rangwamen da ba ta yi mini ba. Ta samo ɗan wanda aka ciro daga ramin, tsoho ne yanzu a Kawo. Shi ya ce gaba shida ne, ba bakwai ba. Ta yi murna da wannan saɓanin kamar an ba ta kyauta.

In an zo lissafin riba da faɗuwa, Nafisat ta yi asarar wata biyu da babi guda da ta yage, amma kundinta ya wuce. Ni na faɗi a abin da na saya: babu Sambo mai gari a shafi ko ɗaya, kuma har yau Isa in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar doki. Abin da na samu ban yi cinikinsa ba, layi huɗu a kan Sambo mai haƙa a shafi na talatin da ɗaya, wanda jikata ke karanta mini in na nema. Wadda ta fi kowa riba Mairo ce, da kundin ya mayar wa rijiyarta, alhali ba ta zauna a bencin ba, ba ta kuma nemi komai ba.