Kwaɗo Biyu, Ƙofa Ɗaya

"Inna, janye hannunki daga ƙofar nan!"

Hadizatu ta janye hannu, amma ba ta ja da baya ba. Sojan da ya daka mata tsawa yana zaune a kan benci, bindiga kwance a cinyarsa. An zarge ƙofar biron, wato ofishin asusun bashin, da sarƙa, an manna mata takarda mai jan hatimi.

"Ɗana, daga ƙasar Dogonduci na taso. Makulli na zo karɓa."

"An rufe," in ji shi da Hausar Zabarmawan Yamai. "Babu kuɗi, babu makulli."

Bara da kaka, duk da farin da aka yi, matan ƙungiyarsu sun tara ɗan geron da suka samu a mangaza, ɗakin ajiyar garinsu, asusun ya ba su bashi a kansa. Ƙa'idar kuwa kwaɗo biyu ce a ƙofa ɗaya: makulli guda a wuyan Hadizatu, shugabar mata, ɗayan a hannun asusu. Ba a buɗewa sai an biya, sai kuma an haɗu. Sun sayar da awaki sun haɗa kuɗin, ga shi ɗaure a ƙugunta. Ruwan shuka ya sauka, irin garin kaf yana bayan wannan ƙofa, ma'aikacin asusu kuma ya ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke.

"To a nan zan kwana," ta ce, ta shimfiɗa gyalenta a ƙasa.

Sojan ya yi tsaki, ya nuna mata lungu da haɓa. "Bi ta baya. Madam tana ciki."

Madam Aïchatou, mai binciken da hukumar sa ido kan asusun bashi ta turo, tana tsaye cikin tulin kwalaye, gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Ta saurari Hadizatu har ƙarshe, sannan ta cire tabarau.

"Inna, darektan nan ya kwashe ajiyar talakawa ya ranta wa manyan mutane, ya tsere. Shi ya sa muka rufe. Don a kare irinku aka yi."

"An gode. Ga kuɗinku, a ba ni makulli."

"Ba ni da ikon karɓa. Makullan suna cikin akwatin ƙarfe, alƙali ya sa hatimi. Sai an naɗa sabon mai riƙo."

"Yaushe?"

"Takardar tana teburin wani kanar." Madam ta kawar da kai. "Kin san tun da sojoji suka karɓi mulki, komai sai ya bi ta can."

"Danshin ƙasa ba ya jiran kanar, Madam."

"Na sani. Amma ki ji ni da kyau: geron nan jingina ne. Wanda ya fasa ƙofar, ɓarawo ne a idon doka. Jandarmomi za su zo, kuma babu asusun da zai ƙara kallon garinku."

Hadizatu ta fito. Rana ta take a Harobanda, unguwar Yamai da ke hayin kogi, mutanen da yunwa ta koro daga karkara sun jeru a inuwar katanga da ƙullin kayansu. Ba ta kai bakin titi ba wani babur ya sha gabanta.

"Shugaba! Ke ce a birni?"

Sumana ne, ma'aikacin da ke zuwa garinsu da makullin asusu. Ya yi ƙiba.

"Kai nake nema, ɗan nan. Ina ka shiga?"

"Yo aiki ya mutu, sai in zauna in mutu tare da shi?" Ya waiwaya, ya sassauta murya, ya ɗan zaro wani makulli daga aljihu. "Kafin su rufe na sa an yanko mini wani. Akwai Alhajin da ke son geron. Ki kawo naki, in kawo nawa, mota ta je ta kwashe. Babu fasa ƙofa, babu jandarma. Zai bar muku buhu goma, ke kuma a sa miki naki daban."

"Buhu goma? A cikin namu?"

"Da babu gara ba daɗi. Ki bari su sayar da shi su biya masu ajiya, ko ƙwaya ba za ku gani ba."

Makullin na walƙiya a gabanta, kusa kamar ta fizge. Sumana ya lura, ya mayar da shi aljihu yana dariya.

Sai wayarta ta yi ƙara. Bala ne, ƙanen mijinta, hayaniya cike da bayansa.

"Yaya, maza sun taru da gatura! Sun ce ba za su zuba ido ƙasa ta bushe ba saboda kwaɗon mata!"

"Ka ce musu wanda ya taɓa ƙofar nan ban yafe ba! In aka fasa da gatari wawa za a yi, masu ƙarfi su kwashe, gwauraye su tashi a banza. Ku ba ni zuwa safiya."

"In kin zo hannu wofi fa?"

Ta kashe wayar. Sumana ya buga kujerar babur. "Kin ji ko? Hau mu je wurin Alhaji."

"Ranar da ka fara zuwa garinmu, fura na dama maka da hannuna," ta ce. "Allah ya isa furar."

Ta tare taksi ta haye gada. Kogin ya janye har yara na wasa a tsakiyar yashi. A Babbar Kasuwa ta kutsa cikin layin masu kayan ƙarfe, ba ta taɓa kuɗin ƙungiya ba. 'Yan kunnenta ta cire ta sayar a rumfar da ke kusa. Ta yi ciniki kamar mai faɗa, ta ƙulle abin da ta saya, ta sake hayewa Harobanda.

La'asar ta yi, Madam Aïchatou na shirin shiga mota, sojan na tsaye kusa da ita.

"Inna, na faɗa miki..."

Hadizatu ta kwance ƙullin a kan murfin motar. Zarto ne na yankan ƙarfe, da sabon kwaɗo ƙato, makullansa na rataye a zobe.

"Gobe da safe, a gaban liman da mai gari, za a yanke kwaɗonku. Kowace mace ta ɗebi irinta da tiya, iri kawai. Sauran geron yana nan, kuɗinku yana nan. In rufe da nawa, in rufe da wannan." Ta zare zoben ta miƙa. "Ga su duka, ban rage ko ɗaya ba. Kuma Sumana na yawo da wani makullin tsohon kwaɗonku, yana neman mai saye."

Fuskar Madam ta sauya. "Sumana?" Ta dubi zarton. "In na karɓi wannan, na san abin da za ki yi ke nan. Aikina ne zai tafi."

"Ko ba ki karɓa ba kin riga kin ji."

"Wa zai yanke?"

"Ni. In jandarmomi sun zo, kada su wahalar da kowa. Gidana ne mai bishiyar kurna."

Hannun Hadizatu na nan a miƙe. Madam ta juya ta dubi sojan. Shi kuwa ya duƙa yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Madam Aïchatou ta ja dogon numfashi, ta karɓi makullan ta jefa cikin jakarta, ta zuge.

"Naɗe wannan abin a zane," ta ce. "Akwai shingen sojoji a mafitar gari, suna buɗe kaya. Shiga in sauke ki tasha."